Kwandunan Mai Awon Hayaƙi

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jiki, yaya idon? Ina fata raɗaɗin aikin cire yanar ido da aka yi maka ya lafa, kuma kana bin dokar likita, ba sunkuyo ba leƙen rana. Ina gaida surukinmu da jikoki. Ke kuma 'yata Ummi, tunda ke ce idon babanki har a cire masa bandeji, ki karanta masa wasiƙar nan yadda na rubuta ta, kada kunya ta sa ki tsallake layi. Na zaɓi takarda ne saboda waya a gidan wankin nan kunnuwanta sun fi biyu.

Albishirinka, mun ci gaba. Zamani ya zo mana da alheri, yanzu hayaƙi ma awonsa ake yi kamar albasa. Ni da na tsufa a kasuwa ina auna yadi, na ga mai auna hatsi, na ga mai auna gwal, amma ban taɓa zaton zan rayu in ga mai auna abin da ya riga ya tashi sama ba. Allah ya saka wa masu ilimi da alheri. Da ba don su ba, da haka za mu mutu ba mu san nauyin abin da iska ke kwashewa kyauta ba.

Ga yadda abin yake. Babban otal ɗin nan, wanda zannuwan gadonsa da tawul ɗinsa su ne fiye da rabin abin da injinanmu ke juyawa, manajansu ya aiko cewa masu otal ɗin sun kafa doka. Duk wanda ke yi musu aiki sai an auna iskar kabon da sana'arsa ke fitarwa, wai ita ke ɗumama duniya. Wanda awonsa ya yi nauyi, in lokacin sabunta kwangila ya zo, a ce masa sauka lafiya. Ba sai na faɗa maka ba, in otal ya tafi, rabin masu gugarmu gida za su koma.

Ranar da aka ce mai awon zai zo, na sa aka jingina tsani a jikin bututun hayaƙi, har na sa aka goge matakansa. Sai ga wata siririyar mace da tabarau, rataye da jakar kwamfuta. Wallahi ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli bututun ba. Ta wuce ofishinka, ta zauna a kujerarka mai kuka, ta shiga jero tambayoyi. Baƙin mai nawa tukunyar tururi ke sha, dizal nawa janareto ke sha, wutar lantarki fa, motar kai kaya fa. Wai daga abin da aka ƙona ake gane abin da ya tashi.

To Maigida, ni ba a yi mini wannan. Wanda ya san man da kake ƙonawa ya san yawan zanin da kake wankewa, wanda kuwa ya san wannan ya gama leƙa aljihunka. Kuma na bincika, Mai Awon nan daga wurinmu gidan wankin Mai Gilashi za ta, wancan na hayin gada da ya daɗe yana lasar baki a kan otal ɗinmu. Kwamfutar da ta zauna a teburinka ita za ta zauna a nasa. Na ba ta amsa dai, amma irin amsar da ake ba mai karɓar haraji, gaskiya ce, sai dai an rage mata gishiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙaninka Auta. Mutumin da tun da na shigo gidanku ban ga ya ɗaga bokiti ba, sai ga shi yana goge mata kujera da hularsa, yana aika a sayo lemo mai sanyi. Na tsokane shi, na ce ko dai ƙanin miji ya gaji da gwauranci ne mu fara haɗa lefe. Ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, wai matar yaya ba ta taɓa ganin alheri ta bar shi ya wuce ba sai ta ɗaga masa riga. Ni dai na sa masa ido.

Af, maganar nan da ka saba tasowa, ta a yanka wa Auta wani ɓangare na gidan wankin saboda mahaifinku ne ya kafa tukunyar, ka bar ta ta ci gaba da barcinta. Amsata tana nan inda ka bar ta. Wanda dutsen guga bai taɓa ƙonawa ba, ba a damƙa masa tukunya.

Ka kula da ɗiga magani a kan lokaci. Ma'aikata duka suna gaishe ka.

Taka,
'Yar Kasuwa

Zuwa ga Maigida,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Na ji daɗin saƙon Ummi cewa ka fara bambance taga da bango. Allah ya ƙaro sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin ɗakin guga da ka sani.

Mai Awo ta dawo, kuma wannan karon na samo bakin zaren. Ashe ba a kwando ɗaya take zuba hayaƙin ba, kwanduna uku gare ta. Na farko, abin da ka ƙona da kanka a cikin gidanka da motarka. Na biyu, wutar lantarki da ka saya, tunda can wani wuri an ƙona wani abu kafin ta iso ka. Ta fara lissafo wasu abubuwan da ke shiga na biyun, sai na miƙe na ce zan duba sitaci, don mai saye ba ya tsayawa yana sauraro da baki buɗe, nan da nan za a gane inda ransa yake. Da na dawo tana kan na uku, wato abin da wasu suka ƙona saboda kai, kamar masu yin sabulun da muke saye. Sai ta saki maganar da nake jira: bana otal kwando na farko da na biyu kawai zai duba, na uku sai gaba.

Ta kuma ce tukunyar tururi ita ce giwar gidan, ita kaɗai ta rinjayi janareto da mota da komai a haɗe. Wannan ko makaho ya sani, ka yi haƙuri da misalin.

Da yamma Auta ya zo ya tsaya a bakin ɗakin ninki, yana sakace haƙori, yana magana kamar da tawul yake yi ba da ni ba. Wai ya ji ƙishin-ƙishin Mai Gilashi ya mayar da manyan injinansa da sunan wani ɗan'uwansa, saboda haka in an zo awo za a same shi fes kamar ango. Na ci gaba da ninkina. Amma maganar ta kwana tana juyi a kaina kamar zani a inji.

Da Mai Awo ta sake zuwa, na so in tambaye ta kai tsaye, in tukunya ta zama ta wani, wane kwando hayaƙinta zai faɗa? Sai na tuna da dokar kasuwa: in shuɗin yadi kake so, farashin jan za ka tambaya. In na ambaci tukunya, kafin la'asar labari ya haye gada. Don haka na tambaye ta a kan mota. Na ce a misali, in mutum ya sayar da motar kai kayansa, ya koma ba wani direba mai motar kansa aikin kai kayan, ina hayaƙin zai tafi? Ta ce kwando na uku. Na ce Allah sarki, ilimi kogi ne, na ƙara mata lemo.

Ka gani ko? Abin da ya yi mota shi zai yi tukunya. Ɗakin tururi yana can ƙarshen fili, kuma yana da ƙofarsa ta baya da ke fita lungu. In aka ja katanga tsakaninsa da ɗakin injina, aka bar rami ɗaya bututu ya ratsa, aka sa ɗakin da sunan wani, mun zama masu sayen tururi kamar yadda muke sayen sabulu. Giwa ta koma kwando na uku, mu kuma mu tsaya a sikeli sakayau kamar auduga.

Saura sunan wa. Bare ba zai yiwu ba. Ummi tana nesa, kuma mijinta mutum ne mai yawan tambaya, ki yi haƙuri 'yata, gaskiya ce. Ya rage Auta. Da na gwada masa maganar sai ya hau noƙewa, wai shi ba ya son abin da zai jawo a ce ya ci gadon yayansa da ransa. Noƙewar ta yi kyau da yawa, irin ta mai kayan da ya riga ya san za ka dawo. Raina bai kwanta ba, amma ban ga wata ƙofa ba. Gida naka ne, ƙani naka ne. In ka ce a'a, na haƙura. In ka ce e, sai ka yi magana da lauya.

Ina nan ina jiran amsarka. A shafa mini kan jikoki.

Taka,
'Yar Kasuwa

Maigida,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Wannan gajeriya ce, direban da zai kawo ta yana tsaye a kaina.

Amsarka ta iso da saurin da ya ba ni mamaki. Kai da sayen sabon dutsen guga ma sai ka kwana bakwai kana shawara da matashin kai, sai ga shi ka sallama ɗaki guda da tukunyar mahaifinka kafin shayi ya huce. Na ce ko maganin likita ne ke sa sauƙin hali, in haka ne a ƙaro mana kwalba.

An gama komai a gaban lauya da shaidu. Magini ya ja katanga, bulo ne mai kyau, har da filasta. Shi ma ya burge ni, ban gama nuna masa wurin ba ya riga ya ja igiya, kai ka ce a mafarki ya taɓa ganin aikin. Hayaƙi dai bai san an yi katanga ba. Yana tsallakowa yadda ya saba, yana zuba mana baƙin gari a kan tawul ɗin da ke shanya. Amma yanzu hayaƙin maƙwabci ne, sai mu yi haƙuri da shi.

Kada ka ɗauka na saki jiki. Famfon da ke ba tukunya ruwa na sa an bar shi a ɓangarenmu, a bayan ƙofar ofis, inda hannuna ke kaiwa ina zaune. Tukunya ba ruwa ai tulun ƙarfe ce. Auta ya ga wannan, ya yi murmushi, wai matar yaya ko aljanna aka ba ta sai ta riƙe makullin baya. Shi kuma washegari ya saka sabon kwaɗo a ƙofar lungu, ƙato kamar kan jariri. Kuma abin mamaki, yanzu kafin kowa yake zuwa. Jiya na leƙa ta ramin bututu na gan shi tsugune da tsumma yana goge agogon tukunya, da ɗan tabon ƙuna a hannu. Ban san me yake nufi da wannan ba, amma zan gano.

Mai Awo za ta kawo sakamako mako mai zuwa. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
'Yar Kasuwa

Zuwa ga Maigida, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina taya ka murnar cire bandeji. An ce yanzu har zaren allura kana gani. Alhamdu lillahi. Ummi, wannan karon ki miƙa masa takardar ya karanta da kansa, ki ja ƙofa, ki tafi da yaran. Na san za ki laɓe, jinina ce ke, amma dai ki ja ƙofar.

Mai Awo ta zo. Na sa sabon mayafi, na zagaya da ita ta ga katanga, na nuna mata ramin bututu, na ce ai mu yanzu tururi saye muke yi, tukunya ta maƙwabci ce. Ta daɗe tana kallon katangar, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sai ta tambaye ni, cikin ladabi har da ce mini Mama, wa ya ba ni wannan shawarar. Na ce ai ita ce, ranar da muka yi maganar mota. Ta ce mota daban, tururi daban. Tururin da ka saya ɗan'uwan wutar lantarki ne, kwando na biyu yake shiga, kuma ta faɗi haka ranar da na tashi duba sitaci. Giwar dai ta fita daga kwando na farko ta yi taku ɗaya ta shiga na biyu, kuma duka biyun otal ke dubawa. Awonmu bai ragu da nauyin allura ba.

Ta ce da na tambaye ta kai tsaye da ta gaya mini a numfashi ɗaya. Na ce to shi Mai Gilashi fa da ya sa injinansa da sunan wani? Ta ce ba ta kai maganar wani gida wani gida, kamar yadda ba ta kai tamu can ba. Amma yadda girarta ta ɗaga ya ishe ni amsa. Babu wani inji da Mai Gilashi ya sauya wa suna. Labarin nan a bakin ɗakin ninki aka haife shi, mai sakace haƙori ne ungozomarsa.

Otal bai kore mu ba, bai kuma rungume mu ba. Manaja ya ce an ba mu zuwa baɗi, ko awo ya sauka ko kwangila ta haye gada. Mai Awo ta ce saukar da shi ba wuya: a naɗe bututan da ke zubar da zafi a banza, a toshe inda tururi ke tsiyaya, a sauya bakin wutar tukunya. Duk abin da ta lissafa, Maigida, yana bayan katangar da na biya aka gina, a bayan kwaɗo mai kan jariri.

Na ce to bari in gwada makamina. Da safe, injina na tsakiyar aiki, na miƙa hannu bayan ƙofa na murɗe famfo. Auta bai zo ya roƙe ni ba, bai ko leƙo ba. Kashe wutar tukunyarsa ya yi, ya fito da kujera lungu yana shan iska. Kafin hantsi injin guga ya huce, zannuwa sun taru jiƙe kamar tudu, motar otal na bakin ƙofa tana danna oda, masu guga sun zuba mini ido. Da hannun da na rufe da shi na buɗe. Ashe igiyar da na ɗaura masa a wuya, ɗaya bakin a ƙuguna yake.

Daga baya ya zagayo ta ƙofar gaba, ya yi sallama kamar baƙo, ya durƙusa ya gaishe ni. Wai duk gyaran da Mai Awo ta faɗa zai yi, har ya riga ya yi magana da mai walda. Abu ɗaya yake so, allon da ke saman ƙofa, inda sunanka yake shi kaɗai tun rasuwar mahaifinku, a ƙara nasa a gefe. Kuma in za a je taro a otal, a tafi da shi. Na ce zan yi tunani. Ya ce matar yaya ta yi tunani a hankali, tukunya ba ta gaggawa, baɗi ce ke gaggawa.

Har nan, da na ce ƙanin miji ya yi mini wayo, in haɗiye in sha ruwa. A kasuwa wanda bai taɓa faɗuwa ba bai daɗe ba ne. Amma akwai saura.

Da Mai Awo ke haɗa jakarta, ta ce in gaishe mata da kai. Na ce a ina ta san ka, kai da ka yi tafiya kafin ta tako gidan nan? Ta ce ai kafin a fara awon, otal ya tara duk masu yi masa aiki ta yi musu bayani. Wani dattijo mai baƙin tabarau, ƙaninsa na riƙe da hannunsa, shi ya yi tambayar da ta fi ta kowa: in mutum yana sayen tururi daga maƙwabci, wane kwando ke nan? Ta ce ba ta manta ba, don har sau biyu ya sa ta maimaita amsar. Ni kuwa na tuna ranar. Ranar ce kuka ce mini za ku asibiti a duba hawan jini.

Ban tsaya nan ba, ka san ni. Na kira magini, na ce ya zo ya duba yadda za a rushe katanga. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai gara a jira Maigida, tunda Maigida ne ya ja masa layinta a ƙasa da sandarsa tun kafin ya yi tafiya. Wai ka ce ya tanadi bulo ya yi shiru, Hajiya da kanta za ta kira shi.

To, sannu da aiki. Shekara da shekaru kana roƙona in bari a yanka wa Auta rabonsa ina sauya zance. Ka san in ka ce in bayar ba zan bayar ba, amma in aka bar ni na ɗauka ni ce ke cutar wani, da gudu zan kai har gida. Ka auna ni tsaf, ba kwamfuta ba tsani. Ni ina can ina zargin yarinya mai tabarau, ina zargin hayin gada, ina ƙirga kunnuwan waya, ashe mai awon gaske yana kwance a gidan 'yarsa ana ɗiga masa magani.

Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ban yafe ba, sai na ga fuskarka. Mai fenti zai zo ya gyara allon, don ba zan bar masu gugarmu su koma gida saboda zuciyata ba. Amma na gaya masa sunan Auta a ƙasa zai zauna, ba a gefe ba, kuma da ƙananan baƙaƙe. Famfo kuma yana nan a bayan ƙofata, ko ba ya tsorata kowa ina jin daɗin ganinsa.

Ka dawo da wuri, ka taho da sandar nan in ga bakinta. Ina gaida surukinmu, da jikoki, da mai laɓe a bayan ƙofa.

Taka duk da haka,
'Yar Kasuwa

Na manta ban tambaya ba. In ka koma wurin likitan nan, ka ce masa ya duba takardunsa da kyau. Ni da kai, wane ne aka ce yanar ido ta rufe wa gani?